Tsohon Littafin Dattijon Bagega

Da wuya a shiga gidan mai bi a ƙasar nan a rasa wani littafi guda da ake ɗauka da hannu biyu. Sau da yawa shi ne mafi tsufa a gidan: bangonsa ya ɓare an ɗinke shi da fata, gefen takardunsa ya yi baƙi saboda yatsu. In an kawo sabo fil, mai gida zai yi godiya ya ajiye, amma idan lokacin addu'ar asuba ya yi, tsohon zai jawo. Ya kamata mu auna wannan ƙauna, mu ga inda ta yi daidai, mu kuma ga inda take bukatar gyara.

Irin wannan littafi na gani a Bagega, cikin ƙasar Anka, a hannun wani dattijo da noma ya kawo shi can daga wajen Zuru tun yana saurayi. Littafi Mai Tsarki ne na tsohuwar fassara, wadda aka fara bugawa a 1932. Na miƙa masa sabuwar fassara kyauta, na ce, "Baba, wannan ta fi sauƙin karatu." Ya karɓa, ya sa mini albarka, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wancan shi ya san ni." Na daɗe ina juya wannan magana a raina.

Tsohuwar fassarar ta cancanci girmamawa, gama ba a same ta a sama ba. Tun a 1857 wani mai bishara Bajamushe, J. F. Schön, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, bayan ya zauna da Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Ingila. Daga baya Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya ba da shekaru masu yawa ga aikin, tare da ma'aikatan wasu mishan da Hausawan da suka taimake su, har cikakken littafin ya fito. Da shi aka koya wa kakanninmu karatu a ajin baftisma, daga cikinsa kuma aka haddace ayoyin da tsofaffinmu ke mutuwa da su a baki.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Hausar wannan fassara tana da nauyi ga kunnen yau. Masu aikin sun ji tsoron kauce wa nassi, saboda haka suka bi kalma bayan kalma, har wasu jimlolin suka fito da tufar Hausa amma tafiyarsu ta baƙo ce. A wasiƙun Bulus musamman, mai karatu yakan kai ƙarshen aya ya tarar farkonta ya kuɓuce masa. Rubutun ma na dā ne: ana sa "ch" inda muke sa "c" yanzu, yaron da ya yi firamare kuwa sai ya yi ta tuntuɓe a gaban jama'a. Fassarar 1979, wadda Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar, ta gyara yawancin waɗannan. Jimlolinta sun fi bin numfashin Bahaushe, rubutunta kuma shi ne na makaranta. Ta ce Almasihu inda tsohuwar ta ce Kristi, ta ce Yahaya inda tsohuwar ta ce Yohanna, domin maƙwabcinmu ya ji sunayen da kunnensa ya saba da su. Wannan riba ce, amma ba a rasa asara ba: mutane da yawa da aka yi wa baftisma da sunan Yohanna sun buɗe sabon littafi suka ga sunansu ya ɓace daga kan Bishara ta huɗu. Wanda bai gane zafin wannan ba, ba zai gane dattawanmu ba.

Duk da haka, abin da ya ɗaure dattijon nan da littafinsa ya wuce zancen fassara. Da ya buɗe mini farar takardar da ke gaba, sai na ga sunayen gidansa a jere, da alƙalami iri-iri: ranar aure, ranar haihuwa, ranar baftisma. A ƙasa akwai sunaye biyu na jikoki, an ja ɗan gicciye a gefen kowanne, an rubuta 2010. Kowa a yankin Anka da Bukkuyum ya san wannan shekara. Ita ce aka gano gubar dalma a garuruwan da ake haƙar zinariya. Ana kawo duwatsu cikin gida ana daka su, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe, su kai hannu baki. Yara sama da 400 suka mutu a Zamfara. Likitocin agaji na MSF suka zo suka yi jinya, amma Bagega ta jira har 2013 kafin a kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajenta a zuba mai tsabta. An kwashe ƙasar da jikokinsa suka taka, ba su kuwa bar hoto ba. Abin da ya rage masa na shaidar cewa sun taɓa zuwa duniya shi ne layi biyun nan. A Zabura ma na ga inda hawaye suka ɗiga takarda ta kumbura. Wace sabuwar fassara ce za ta zo masa da wannan?

Littafi Mai Tsarki kansa bai raina irin wannan ƙauna ba. Manzo Bulus yana kurkuku, yana ganin ƙarshensa ya kusa, ya aika wa Timoti ya zo masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafansa, musamman na fatu. Mutumin da ya san Nassi a ka, ga shi yana marmarin nasa littattafan da hannunsa ya saba da su. Saboda haka kada saurayin da ke karanta Kalmar a wayarsa ya yi wa tsoho dariya. Waya tana ɗauke da fassarori da yawa, amma ba ta riƙe alamar yatsan uwa a kan ayar da ta yi kuka a kai.

Sai dai akwai rami a nan, dole mu faɗa. A wasu gidaje tsohon littafi ya koma laya: ana sa shi ƙarƙashin matashi don mugun mafarki, ana ɗora shi a kan marar lafiya, ana rantsuwa da shi, amma wata guda ba a buɗe shi ba. Ku tuna da macijin tagulla. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera shi, ta wurinsa kuma aka warkar da mutane da yawa. Amma da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi, Nassi kuwa ya lissafta wannan cikin ayyukansa na kirki. Takarda da tawada ba sa ceto. A zamanin Ezra ma, da aka karanta Attaura a dandali, Lawiyawa sun bi jama'a suna bayyana ma'ana, farin cikin ranar kuwa ya zo ne saboda mutane sun fahimci abin da aka karanta musu.

Ga shawarata ga ikkilisiya. A bar wa dattijo littafinsa, a ɗinke masa shi in ya yage, a kuma kwafe sunayen da ke gabansa a wani wuri, gama a kwanakin nan na gudun hijira mutum yakan fita gida da abin da hannunsa ya iya ɗauka kawai. Amma a taron jama'a da ajin yara a karanta fassarar da kowa zai gane. Kai kuma matashi, nemi naka na takarda, ka rubuta sunanka a gaba, ka karanta shi har ya tsufa a hannunka. Da na koma wurin dattijon nan, na tarar jikarsa tana karanta masa sabuwar fassara, shi kuwa yana bin ta da yatsa a cikin tsohuwar, yana gyaɗa kai.

Ya Ubangiji, ka ta'azantar da iyayen da suka rubuta sunayen 'ya'yansu da hawaye, ka kuma sa Maganarka ta tashi daga takarda ta zauna cikin zukatanmu. Amin.