Laifi Tudu Ne: Launin Fata Da Ƙabila A Littattafan Yara

Mu da Allah Ya ɗora wa riƙon alli a makarantun sakandare mun san wani abu da marubuci ba ya gani daga teburinsa, wato fuskar yaro a lokacin da ake karanta masa labari. Wani zai washe baki don ya ga kansa a ciki. Wani kuwa zai sunkuyar da kai, shi ma don ya ga kansa a ciki, amma a matsayin abin dariya. A kan wannan yaro na biyu muke son yin tsokaci. Za mu fara da ƙasashen Turawa inda aka daɗe ana wannan muhawara, sannan mu dawo gida mu duba namu kwandon.

A watan Satumba na 1965 wata malama 'yar Amurka mai suna Nancy Larrick ta buga maƙala a mujallar Saturday Review, inda ta ce duniyar littattafan yara a ƙasarta ta farar fata ce zalla. Ba da baki kawai ta faɗa ba. Ta bi littattafan yara 5,206 da kamfanonin ɗab'i 63 suka fitar tsakanin 1962 da 1964, ta tarar guda 349 ne kacal, wato kashi 6.7 cikin ɗari, ke ɗauke da baƙar fata ko da mutum ɗaya. Bayan shekara 20, a 1985, cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin ta yi nata lissafin, ta ga cikin littattafai kimanin 2,500 na wannan shekara, 18 ne kawai baƙar fata suka rubuta ko suka yi wa zane. A ƙidayar wannan cibiya ta 2018 kuwa, rabin littattafan na farar fata ne, kashi 27 na dabbobi da makamantansu, kashi 10 na baƙar fata. Ma'ana dai, a wannan shekara ya fi wa yaro baƙi sauƙi ya ci karo da zomo mai magana a littafi da ya ci karo da mai kama da shi.

A Ingila ma kanwar ja ce. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya nuna cikin littattafan yara 9,115 da aka buga a 2017, kashi 4 cikin ɗari ne ke da wanda ba farar fata ba, kashi 1 tak kuma aka ba shi matsayin tauraron labari, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar ƙasar 'ya'yan tsirarun ƙabilu ne.

To mene ne abin damuwa? Farfesa Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohio ta ba da amsar da har yau ake kafa hujja da ita. A 1990 ta kwatanta littafi da madubi da kuma taga. Madubi ne idan yaro ya ga kansa da gidansu a ciki. Taga ce idan ya leƙa ya ga yadda wasu ke rayuwa. Yaron da bai taɓa samun madubi ba zai tashi da zaton shi ba abin sakawa a littafi ba ne. Wanda kuma madubi kaɗai aka ba shi zai tashi da zaton duniya ta ƙare a ƙofar gidansu. Duka biyun an cuce su.

Sai dai a ganinmu ƙidaya ba ta isa ba, kuma nan ne aikin mai nazari ya fara. Bari mu ajiye littattafai biyu gefe da gefe. Na farko shi ne Little Black Sambo na Helen Bannerman, wata 'yar Sikotilan da ta zauna a Indiya, wanda ya fito a 1899. Labarin wani yaro ne da damisa huɗu suka ƙwace wa tufafi, daga baya suka shiga faɗa da juna suna zagaya bishiya har suka narke suka zama man shanu, yaro ya kwashi kayansa ya koma gida. Idan ƙidaya ce, wannan littafi ya ci jarrabawa: tauraronsa baƙi ne, kuma shi ya yi nasara. Amma sunan da aka laƙaba masa na raini ne a bakin Turawa, zanen da aka yi masa kuma, musamman a bugun da aka riƙa yi a Amurka, na dodo ne mai jajayen leɓɓa da zazzaro idanu. Labari ya ɗaga yaron, hoto ya kayar da shi. Yaro kuwa hoto yake fara karantawa kafin baƙi.

Na biyu shi ne The Snowy Day na Ezra Jack Keats, wanda ya fito a 1962 ya kuma ci lambar Caldecott a 1963. Wani yaro ne baƙi mai suna Peter ya farka ya ga dusar ƙanƙara ta sauka, ya fita ya yi wasa, ya cusa dunƙulen ƙanƙara a aljihu don ya ajiye wa gobe, da dare ya duba ya ga ta narke. Shi ke nan labarin. Ba a ambaci launinsa ba ko sau ɗaya, ba a sa shi ya zama bawa ko abin tausayi ba. Ƙarfin littafin shi ne an bar yaron ya zama yaro kurum, har duk wanda ya taɓa ɓoye alewa a aljihu zai gane baƙin cikinsa. Duk da haka bai tsira ba, domin ita Larrick ta soki yadda aka zana mahaifiyar Peter, wasu kuma suka yi ƙorafin cewa marubucin farar fata ne. Mu dai muna ganin ƙorafi na biyu bai da nauyin na farko. Abin tambaya ga littafi shi ne yadda ya tsayar da mutum, kafin a tambayi launin hannun da ya riƙe alƙalami.

Wannan muhawara ba ta mutu ba. A 2021 masu kula da ayyukan Dr. Seuss suka daina buga shida daga littattafansa saboda yadda aka zana wasu jinsunan mutane. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta ce a 2022 an kai ƙorafi sau 1,269 ana neman a janye littattafai daga laburare da makarantu, kuma da yawa daga cikinsu na marubuta baƙar fata ne ko masu magana a kan launin fata. Kowa ya gane kantar littattafan yara fagen daga ce.

Yanzu sai gida. Mun san rashin madubi, domin a laburaren makarantunmu akwai kwalaye na littattafan agaji daga ƙasashen waje, cike da tuffa da dusar ƙanƙara da kare mai kwana a gado. Marubuciya Chimamanda Adichie ta faɗa a wani jawabinta na 2009 cewa labaran da ta fara rubutawa tana ƙarama a Nsukka duk na fararen yara ne masu shuɗin ido, don irinsu ta saba karantawa. Mu Hausawa mun ɗan yi sa'a. Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933 muka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga 1937 kuma Magana Jari Ce. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu riga da rawani, har yaro ya ɗauka a bayan garinsu abin ya faru. Madubi kam an ba mu.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A cikin madubin namu, yaya muke nuna waɗanda ba mu ba? Wata rana a ajin ƙaramar sakandare muka sa ɗalibai kowa ya kawo labarin ban dariya da ya ji a gida. Cikin labarai goma sha, fiye da rabi a kan Bagwari ne ko Bafillacen daji ko Bamaguje: wanda ya shigo birni ya yi wauta, wanda ya kasa furta kalma aka yi masa dariya. Aji ya kaure da shewa, mu ma mun dara. Sai da muka juya muka ga wata yarinya 'yar Gbagyi, wadda ta fi kowa iya insha'in Hausa a ajin, ta kifa kai a kan tebur. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Ba a zage ta ba, ba a kira sunanta ba. An dai nuna mata inda harshen da take ƙauna ya ajiye iyayenta. Mu da muka ba da aikin, laifin namu ne.

Za a ce ai barkwanci ne, kuma barkwanci gadonmu ne. Haka ne. Amma wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zage-zagi, wasa ne na masu ramawa, kowa na da bakin mayarwa, shi ya sa yake ƙara zumunci. Idan aka ɗauki wannan wasa aka buga a takarda, aka miƙa wa yara a aji a matsayin darasi, an cire ramuwar, saura tsokanar. Kalmar gwaranci kanta shaida ce, tunda mun ɗauki sunan al'umma guda muka mayar da shi sunan rashin iya magana. Haka a yawancin littattafanmu na hikaya da soyayya da muka karanta, wanda ba Bahaushe ba in ya fito to mai gadi ne, ko mai sayar da kayan gyaran mota, ko maƙetacin maƙwabci. Ba kasafai ake ba shi uwa da ƙuruciya da abin da yake tsoro ba.

Ba a rasa abin koyi ba. Cyprian Ekwensi ɗan ƙabilar Ibo ne haifaffen Minna, amma ya ba ɗaliban Nijeriya The Passport of Mallam Ilia a 1960 da Burning Grass a 1962, inda mutumin Arewa da makiyayi Bafillace suka tsaya a tsakiyar labari da mutuncinsu. Ana iya sukar wasu abubuwan da ya faɗa a kanmu, amma ya buɗe taga. Ina Bahaushen marubucin da ya rama wa Ekwensi wannan biki? Ina littafin yara na Hausa da tauraronsa yaro ne ɗan Tibi ko Babur ko Bajju, yana zuwa makaranta, yana ɓata fensirinsa, yana tsoron bulalar malam kamar kowa?

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta da malamai da masu kula da laburare ita ce, kafin littafi ya hau kanta a yi masa tambaya uku. Wa ke magana a cikinsa, wa kuma ake magana a kansa? Idan an yi dariya, da wa aka yi, wa aka yi wa? Sannan za mu iya karanta shi da ƙarfi a gaban ɗan wanda aka siffanta ba tare da mun kawar da ido ba? Ba mu ce a ƙone tsofaffin littattafai ko a binne tatsuniyoyi ba. A karanta su, amma malami ya tsaya ya tambayi aji me ya sa kullum wane ne wawan labari. Ita kuma ƙungiyarmu, idan za ta sake shirya gasar rubutu, muna roƙon ta ware rukuni na labaran yara da Hausa waɗanda taurarinsu 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Hausa ta zama harshen miliyoyin mutanen da ba a haife su da ita ba, kuma 'ya'yansu na zaune a azuzuwanmu. Bashin da suke bin mu ke nan. Allah Ya ba mu ikon biya.