Ɗalibin Nazarin Al'adu a Yamai da Matsalar Fassara

Tun daga 1973, shekarar da Yamai ta sami cikakkiyar jami'a, ɗalibin da ya zaɓi nazarin al'adun al'umma, fannin da Faransawa ke kira "anthropologie", ya tarar da gado mai yawa. Cibiyar bincike ta IRSH, wadda tushenta reshen IFAN ne na zamanin mulkin mallaka, ta shigo ƙarƙashin jami'ar a 1974. A kan ƙasar Hausa kuwa akwai aikin Marc-Henri Piault game da Arewa (1970), da na Jacqueline Monfouga-Nicolas game da bori (1972), da na Guy Nicolas game da kwarin Maraɗi (1975). Ayyuka ne na ƙwarai, masu su sun zauna cikin mutane, sun kuma bar kalmomin Hausa da dama cikin rubutunsu. Sai dai da Faransanci aka wallafa su, don mai karatu na Faransa.

Nan ne matsalar take. Bahaushen ɗalibi da ke neman digirin farko yana koyon al'adar gidansu ta bakin tafinta. A dubi dangantaka. Kalmar "cousin" ta haɗa ɗan wan uba da ɗan kawu wuri guda, alhali a Hausa na farko wa ne ko ƙane, na biyu kuwa taubashi ne, akwai wasa tsakani. Malami zai gyara da "cousin croisé", wato ɗalibi ya haddace kalma biyu baƙi don ya gane abin da ya sani tun yana yaro.

Lamarin bori ya fi wannan nauyi. An fassara shi "culte de possession", kuma "possession" tana ɗauke da ma'anar mallaka, da ta kamun Shaiɗan a al'adar Turai. Ƴan bori ba su faɗi haka ba. Cewa suke iska ta hau mutum, namiji doki ne, mace goɗiya. Haka girka, da ake mayarwa "initiation": kalmar ta nuna shiga ƙungiya, ta bar zancen warkar da mara lafiya, wanda shi ne ke kai mutane da yawa gidan bori tun farko. Ɗalibin da ya fara da fassarar, in ya fita bincike ƙauye, yakan nemi abin da littafi ya ce, ya tsallake abin da tsohuwa ta faɗa masa.

Hasarar ta shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Ɗalibi yana hira da manoma da maƙera da Hausa, ya rubuta kundinsa da Faransanci, maganar asali ta tsaya a kaset ko a takardunsa. Ga shi tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, ga manya da suka koyi karatu suna neman abin karantawa. Ƙa'idar rubutu ba hujja ba ce, domin taron Yamai na 1980 ya daidaita ta tsakanin Nijar da Nijeriya. Abin da ya kamata shi ne kowane kundi ya zo da hirarrakinsa a rubuce da Hausa, da karin harshen mai magana, Adaranci ne ko Arewanci, a kuma ba wannan sashe maki kamar yadda ake bai wa sharhin Faransanci.