Rawar Hip-hop Tsakanin Bronx da Filin Biki a Gaya

Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya saka faifai a wani ɗan shagali da ƙanwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick, unguwar Bronx ta New York. Ya lura samari sun fi zabura a gaɓar da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai, sai ya riƙa haɗa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita gaɓar don ta yi tsawo. A wannan gaɓa aka haifi birekin, rawar da ake farawa a tsaye, a zube ƙasa ana wulwula ƙafafu bisa tafin hannu, a juya a kan gadon baya ko tsakar ka, sannan a ƙame cak.

Can yammacin Amurka kuma, Don Campbell ya fito da lokin a Los Angeles, inda mai rawa ke ƙulle gaɓoɓinsa farat ɗaya ya sake su, Boogaloo Sam na Fresno ya kawo fofin, mai fizgar tsoka daidai da bugun kiɗa. Ƙungiyar 'yan birekin ta Rock Steady Crew ta kafu a 1977, finafinai irin su Beat Street na 1984 suka kai abin duniya.

Jigon wannan rawa shi ne da'ira. Jama'a su kewaye, ɗaya ya shiga ya nuna abin da ya iya, abokin karawarsa ya shigo ya ba shi amsa, ihun 'yan kallo ya yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka, ko ya ga shaɗin Fulani a ƙauyukan Ajingi, ya san wannan tsari tun kafin ya ji sunan Bronx. Tsalle da alkafura ma ba baƙi ba ne: 'yan koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano sun daɗe suna ɗaga juna sama, kacau-kacau na amsawa a ƙafafunsu.

To me ya sa birekin bai yi saiwa a ƙasar Kano ba, alhali waƙar hip-hop ta yi? Ziriums da Billy-O sun yi suna, Nomiis Gee ya gabatar da Zafafa Goma a Arewa24, amma duka da baki aka san su. A ganina matsalar tana ga matsayin rawa a wajen Bahaushe. Rawa ta 'yan mata ce a dandali, ko ta masu sana'a a gaban makaɗinsu, kamar mahauta da kalangu. Namijin da ke son a ba shi aure, ko a kira shi malam, ba ya birgima a ƙasa gaban surukai. Mawaƙi yana iya cewa wa'azi yake yi ko faɗakarwa, mai rawa kuwa ba shi da wannan mafaka.

Saboda haka abin da ya iso mana ta ƙofar fim ya shigo, a gauraye: karkaɗa kafaɗa irin ta Indiya, sulɓin ƙafa irin na Michael Jackson, da taku irin na mawaƙan Amurka na baya. Sani Danja da Adam A. Zango, wanda har ake wa laƙabi da Usher, su suka fi fito da shi. Kuma an biya kuɗinsa. A 2007 aka yanke wa Zango ɗaurin wata uku kan faifan bidiyonsa Bahaushiya, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai. Abin da ya fi tayar da ƙura a irin waɗannan shari'o'i shi ne cakuɗar maza da mata da irin suturar da aka sa; wahalar rawar ko gwanintarta ba wanda ya tsaya dubawa.

A Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga nan maƙeran farko suka tashi zuwa Dala, yau a wajen biki ake ganin ragowar abin. An tayar da janareta, DJ ya jingina manyan sifiku da bango, yara sun yi da'ira a kan rairayi. Wani saurayi ya shiga da silifas, ya cire ɗaya don kada ya zame, ya yi sulɓin baya taku uku, ya girgiza ƙirji, ƙura ta tashi, aka liƙa masa naira hamsin a goshi. Bai taɓa samun mai koya masa ba. A shagon cajin waya aka tura masa bidiyon, ya yi ta maimaitawa a soro.

Nan ne giɓin yake. A Bronx ƙungiya ce makaranta, babba ya gyara wa ƙarami dafa hannu don kada ya karya wuya, kuma kowa sai ya ƙirƙiro takunsa, domin satar na wani abin kunya ne. TikTok ya juya wannan doka: wanda ya fi kwaikwayo daidai shi ke samun mabiya. Birekin ya kai har gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda Phil Wizard na Kanada da Ami Yuasa ta Japan suka ɗauki zinare, amma matashin Ajingi da ke da irin wannan jiki sai dai ya jingina waya da bulo, ya yi rawar daƙiƙa talatin, yana kasa kunne ko babansa ya dawo daga masallaci.