Musa Konate ɗan Kita da littattafansa na binciken kisan kai

An haifi Musa Konate a garin Kita, ƙasar Mali, a shekarar 1951, ya rasu a Limoj ta Faransa a 2013. Malamin makaranta ne kafin ya duƙufa ga rubutu, shi ne kuma ya kafa maɗaba'ar Le Figuier a Bamako, wadda ta buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Amma abin da ya fid da sunansa shi ne jerin labaran kwamishinan ƴan sanda Habibu da mataimakinsa Soso, waɗanda ya rubuta da Faransanci.

Kowane littafi da al'ummar da ya dosa. L'assassin du Banconi, wanda ya fito a Faransa a 2002, yana cikin wata unguwar talakawa ta Bamako. L'empreinte du renard (2006) ya shiga ƙasar Dogon, inda ake duba da sawun da yanyawa ta bari kan rairayi da dare. La malédiction du Lamantin (2009) ya shafi masunta Bozo da ayu, dabbar ruwan da suke girmamawa. Meurtre à Tombouctou (2014) ya kai ga Buzaye, L'affaire des coupeurs de têtes (2015) kuwa ya koma Kita, mahaifar marubucin. Biyun ƙarshe sun fito bayan rasuwarsa.

Abin da ya kamata manazarcin harshe ya lura da shi shi ne yadda bincike yake tafiya. A labaran Turai irin wannan, mai bincike yana tambaya, a ba shi amsa. A nan kuwa tambayar kanta ita ce matsala. Yaro ba ya titsiye dattijo, baƙo ba ya jin sirrin gari, amsa kuma takan zo cikin karin magana ko cikin shiru. Habibu ɗan makarantar boko ne, da dokar gwamnati a hannunsa, amma sai ya sauke girman kai, ya koyi ladabin zance, kafin gaskiya ta bayyana gare shi. A nan ƙarfin Konate yake: ya mai da ƙa'idodin magana ginshiƙin labari.

Rauninsa ma daga harshe ya fito. Mutanen labarin suna zance da Bambaranci ko harshen Dogon ko Buzanci, amma mai karatu Faransanci kaɗai yake gani, saboda haka bambancin maganar dattijo da ta ma'aikaci yakan dushe. Haka kuma marubucin yakan tsai da labari don ya bayyana al'ada ga mai karatun Turai, bayanin da ɗan ƙasa ba ya bukata.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, darasin a fili yake. Wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, karatun nan zai zube, littattafan noma da tsabta kuwa ba su isa su riƙe shi ba. Labarin bincike yana sa mai karatu ya kai shafin ƙarshe don kansa. Hausa tana da kayan aikin: zargi, tuhuma, shaida, hujja, rantsuwa, bin sawu, kowace da ma'anarta daban. Idan aka rubuta irinsa kai tsaye da Hausa, raunin nan biyu za su kau, domin dattijo zai yi magana da bakinsa, ba kuma sai an fassara wa mai karatu al'adarsa ba.