Ƙarar Salula da Rufin Asiri: Sharhi kan wani bincike na jahar Tawa

Daminar shekarar 2009 ta yi gardama, rumbuna suka wayi gari wayam tun kafin bazara. A cikin wannan hali ne, a 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta ƙasar Ailan ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jahar Tawa, kimanin jika 22 kowane wata har tsawon wata biyar, kuma galibin masu karɓa mata ne. An kasa ƙauyukan kashi uku. Na farko aka miƙa musu kuɗin hannu da hannu, na biyu aka ba su kuɗin a hannu tare da kyautar salula, na uku kuwa ta cikin salular aka aiko musu, ta hanyar Zap ta kamfanin Zain, wanda a shekarar nan ya koma Airtel. Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts da ke Amurka, da abokan aikinta suka bi diddigin abin da ya biyo baya, suka wallafa sakamakon da Ingilishi a 2016. Takardar ta yi suna wurin masana tattalin arziki, amma ta cancanci malamin makaranta na Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san da ita, domin zaman gidajen wannan jaha ne aka ɗora bisa ma'auni.

Abin da aka gano ba shi da wuyar faɗi. Kuɗin ɗaya ne, amma gidajen da suka karɓa ta salula sun fi sauran cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, ƴaƴansu sun ƙara samun abin sawa a baki, kuma an ga ƙarin noman irin amfanin da mata ke shukawa a gamanarsu, kamar kuɓewa. Kyautar salula kaɗai ba ta kawo wannan bambanci ba. Hanyar da kuɗin suka biyo ita ce ta kawo shi. Masu binciken sun ba da dalili biyu: an rage wa matan tafiya da jiran layi, sannan kuma bakinsu ya ƙara nauyi wajen shawarar yadda za a kashe kuɗin.

Dalilin farko babu mai musunsa. Na biyun ne ke bukatar a tsaya, domin a nan harshen tattalin arziki ya gaza. Masanin wannan fanni yana kallon gida kamar rumfar kasuwa, miji da mata suna tayi, wanda ya fi sanin sirrin farashi ya yi rinjaye. Bahaushiyar Adar tana da kalmar da ta fi wannan dacewa, ita ce rufin asiri. Ranar rabon kuɗi a hannu rana ce ta kowa. An yi shela, an ga mota ta tsaya, an ga wadda ta shiga layi da wadda ta fito tana ɗaure bakin zane. Kafin ta iso ƙofar gida, mai bin ta bashin gero ya ji, ƙanen miji ya ji, wadda za ta yi suna jibi ta ji. Ba ta da bakin cewa babu, tunda an gani, kuma wadda aka laƙaba wa sunan rowa ta daɗe tana biyan kuɗinsa. Salula kuwa ƴar ƙara take yi sau ɗaya ta yi shiru. Matar ce ke zaɓen lokacin magana, kuma al'ada ta riga ta tanadar mata shi: bayan sallar lisha, cikin ɗaki, inda ba kunnen kishiya ba na uwar miji. Wannan ba ɓoye wa maigida ba ne, ladabin magana ne da aka sani tun kaka da kakanni, cewa zance mai nauyi ba a yin sa a tsakar gida.

Saboda haka kuskure ne a karanta binciken a ce na'ura ta zo ta kwance mata daga ƙangin al'ada. Akuyar da mace ke ajiyewa gidan iyayenta, da zubin adashi, da kwanonin jere da ake sayarwa ranar da ta ɓaci, duk dabarun adana dukiya ne nesa da idon jama'a. Salula ta tarar da su, ta shiga sahunsu. Akwai kuma abin da ba shi da gurbi a jadawalin lissafi, wato kunyar tsayuwa a bainar jama'a a miƙa hannu. Dattijuwar da ta shekara talatin tana ciyar da baƙi, ita ta san nauyin wannan layi.

Sai dai rufin asirin nan yana da ɓaraka, kuma yana da farashi. Mafi yawan matan ba su karanta rubutun boko, don haka sai jika ko ɗan maƙwabta ya duba saƙon, sai kuma wakilin kamfani ya fitar da kuɗin. Asirin da ya bi ta hannu uku ya riga ya sha iska. Farashin ya fi wannan girma. Idon jama'a da matar ke gudu shi ne kuma ke ciyar da maƙwabciyarta da sunanta bai fito a takarda ba. A shekarar yunwa, ciyayya da rance da kwanon tuwon da ake miƙawa ta kan darni suna tafiya ne bisa sanin wanda ya samu. Al'adu biyu ne ke ja-in-ja a nan, sutura da zumunci, dukansu na gado, na'urar ta ɗan danna ma'auni wajen guda.

Abin da ya faru daga baya ya ƙara haske. Ƴan kasuwar albasar Galmi da dillalan kasuwar Laraba ta Ƙonni sun rungumi salula ba tare da an roƙe su ba, domin jin farashi da neman mota. Amma aika kuɗi ta cikinta bai samu irin wannan karɓuwa ba, kuma wani nazari na Aker da abokanta a 2020 ya nuna haka. Mazan Adar da ke tafiya biɗa Abijan ko Nijeriya ko Libiya sun daɗe suna damƙa saƙo hannun ɗan gari mai komawa gida ko direban mota, daga baya kuma gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza suka bazu. Ƙarancin wakilai a karkara dalili ne babba, amma ba shi kaɗai ba. Saƙon da ya zo ta hannun mutum yana zuwa da gaisuwa, da labarin lafiya, da shaida. Ɗan da ya aiko wa tsohonsa kuɗin rago yana so a sani cewa bai manta gida ba. Mai aikowa shaida yake nema, mai karɓar tallafi sutura take nema, na'ura ɗaya ba ta biya wa kowa bukata daidai ba.

A tarukan malamai da na ƙungiyoyin al'adu, zancen salula yakan tsaya kan ƙararta a masallaci da wurin ta'aziyya, da yaron da ke amsa kira gaban dattijo, da rasuwar da ake sanarwa ta saƙon murya na WhatsApp maimakon a tashi manzo. Ƙorafin yana da tushe, amma duk abubuwa ne da ake ji da kunne a zaure, inda maza ke zama. Abin da ya gudana a ƙauyukan Tawa a 2010 cikin ɗaka ya faru, shi ya sa ba a cika kawo shi a waɗannan taruka ba. Mai son ya ɗora daga inda Aker ta tsaya, da Hausa zai yi tambayarsa, kuma ƙofa biyu zai yi wa sallama: ta matar da salularta ta yi ƙara, da ta maƙwabciyar da ba ta ji ba.