Yunwar Da Ba Ta Da Hoto

Ya kai mai karatu, in har kana cikin masu manne kunne da rediyo safe da yamma, to na san ka taɓa tambayar kanka: wai shin wa ke zaɓar bala'in da duniya za ta yi wa kuka, da wanda za ta kau da kai ga barinsa? Ni dai na daɗe ina wannan tambaya, kuma ban sami amsar da ta fi abin da ya faru a Nijar a 2005 ba.

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka ta cinye ɗan abin da ya yi saura a gonaki. Tun a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Nijar ta nemi agajin abinci, ba wanda ya ce mata kanzil. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sake yin roƙo, tana neman dala miliyan 16 kacal, kuɗin da a wurin manyan ƙasashe bai kai ya kawo ba, amma shiru kake ji. Gero na ta tashi a kasuwa, makiyaya na sayar da dabbobinsu a wulaƙance, yara na ramewa. Sai a watan Yuli wakiliyar BBC, Hilary Andersson, ta isa Maraɗi da masu ɗaukar hoto, aka nuno jarirai fata da ƙashi a cibiyar da likitocin agaji na MSF ke ciyar da su. Kai, cikin 'yan kwanaki sai ga kuɗi na kwararowa, sai ga jiragen abinci, a watan Agusta har Kofi Annan da kansa ya taka zuwa Damagaram.

To me ya canja tsakanin Mayu da Yuli? Yunwar dai ita ce, sai dai ma ta ƙara tsanani. Abin da ya ƙaru shi ne hoto. Wato mai gargaɗi tun da wuri ba a saurarensa, domin yaron da zai rame nan da wata uku ba ya ɗaukuwa a kyamara. Sai an bari ya rame ɗin tukuna. Haka aka yi a Habasha a 1984, sai da Michael Buerk ya aiko da hotuna daga Korem kafin Turai ta motsa.

Kada a ce na ɗora wa 'yan jarida laifi duka. Tura wakili ƙasa mai nisa kuɗi ne, ga neman biza, ga inshora, ga haɗarin rai, kuma wakili guda da ke zaune a Nairobi ko Dakar shi ake ɗora wa ƙasashe rututu. Sannan masu mulkinmu ma ba su son a gani. Shugaba Tandja da bakinsa ya musanta cewa ana yunwa a ƙasarsa a wannan shekarar. Amma akwai abin da uzurin kuɗi ba ya wankewa. Edita a Landan ko Faris yana auna labari ne da mai kallonsa: waɗanda abin ya shafa sun yi kama da mu? Gwamnatinmu na da hannu a ciki? Sabon abu ne, ko kuwa wanda aka saba ji daga can?

Dubi makon farko na Janairun 2015. An kashe mutum 12 a ofishin jaridar Charlie Hebdo a Faris, shugabannin duniya suka yi dafifi suka yi tattaki. A daidai wannan mako Boko Haram ta afka wa Baga. Sojoji suka ce mutum 150 suka mutu, wasu suka ce sun kai 2,000. Ka ji girman tazarar, kuma ita kanta tazarar ta nuna ba wanda ya isa wurin ya ƙirga. Abin takaicin ma, fadar shugaban Nijeriya ta riga yi wa Faransa ta'aziyya kafin ta buɗe baki kan Baga. In mai gawa bai yi kuka ba, da wane ido zai zargi maƙwabci? Jaridunmu kuwa, sau da yawa abin da Reuters ko AFP suka sa a gaba shi suke kwafowa, har labarin Chadi da ke bayan katangarmu sai ya bi ta Turai kafin ya iso mu.

Ga Sudan nan, inda muke da 'yan'uwa Hausawa tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF. Makonnin farko gidajen talabijin sun cika da labarin, saboda ana kwashe Turawa da ma'aikatan jakadanci daga Khartum. Da aka gama kwashe su, sai kyamarori suka bi su suka tafi. Fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, dubun dubata suka tsallaka zuwa Adre a Chadi, kuma a watan Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur. Ka kwatanta wannan da yadda aka yi wa yaƙin Yukiren rakiya dare da rana tun Fabrairun 2022. Ba ina cewa mutanen Yukiren ba su cancanta ba, jini dai jini ne. Amma tambayi abokin hirarka a majalisa yau da dare ko ya san inda Zamzam ɗin nan take, ka ji ko ba rijiyar Makka zai ce maka ba.