Ni dai shimi, ko a ce na zautu

Ranar da na ci jarrabawar BAC na ce shimi zan karanta a Jami'ar Kara, kawuna ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Kai yaro, likita ake nema a gidan nan, ba mai haɗe-haɗen ruwa ba.” Allah ya ba Kawu haƙuri. Shekara uku na lisans sun wuce, kuma wallahi da za a mayar da ni baya, layin nan zan sake bi da gudu!

Wai shimi! Kimiyyar sinadarai ke nan, kemistiri a bakin ’yan Najeriya. Karatun da ya sa na koma zangon Sokode ina kallon madafin Inna kamar ban taɓa shigarsa ba. Ku jiƙa zoɓo, ku raba shi kofi biyu. Matsa lemon tsami a ɗaya: ja zur. Jefa ɗan gutsuren kanwa a ɗayan, sai ya rine ya yi duhu, ya doshi kore-kore. Launin zoɓon ne da kansa ke tona asirin abin da ke da tsami da abin da ke da kanwa. Ranar da na gane haka, sai da na ɓata wa Inna rabin kwanon zoɓo, ta bi ni da muciya.

Sabulun da mata ke dafawa da ruwan toka da man kaɗanya fa? Darasi ne guda a aji, har da lissafinsa. Bagaruwar majema, baban marina ta Ƙofar Mata a Kano, tandun narka tama na Banjeli a ƙasar Basar: ashe kakanninmu ’yan shimi ne, allo kawai ba su rubuta ba.

Da wuya? Sosai. Lissafi da fiziks sun jiƙa mana aiki a shekarar farko, shimin oganik kuwa sai da ta hana ni barci. Amma ka tsaya gaban kwalba kana sakin ruwa ɗigo-ɗigo, numfashi a riƙe, ɗigo na ƙarshe ya faɗa, ruwan ya koma ruwan hoda, wa zai tuna wahala?

Masu cewa ba aiki, su dubi kudancin Togo. Tun 1961 Togo ke fitar da fosfat na Hahotoe, ana wanke shi a Kpeme a loda wa jiragen ruwa, manomin Gando da na Dapawong kuma suna jiran buhun takin NPK da yuriya. Wa zai mayar da dutsenmu taki in ba mu ba? Ga siminti a Tabligbo, ga gwajin ruwan sha, ga makarantun lise masu neman malamai.

Ƙanwata tana Terminal D bana, ajin ƙarshe na lise. Na riga na ɗinka mata farar rigar ɗakin gwaji, Kawu bai sani ba tukuna.